Gurasa bakwai a gefen kan sarki

A shekarata ta biyu a sashen tarihi aka ba mu labarin Gilgamesh, sarkin Uruk, birnin da kufansa ke kudancin Iraƙi a yau. Ban so ba. A ganina tatsuniyar masu bautar gumaka ce, ba abin da zan tsinta a ciki. Malaminmu ya ce, "Kai dai karanta, ka dubi abin da yake tsorata mutanen."

Mutuwa ce ke tsorata su. Da abokinsa Enkidu ya rasu, Gilgamesh ya bar gadon sarauta ya shiga duniya neman Utnapishtim, mutumin da ya tsira daga ruwan ɗufana a cikin jirgi, allolinsu suka ba shi rai marar ƙarewa. Wani masani ɗan Ingila mai suna George Smith ne ya karanta wannan sashe a Landan a 1872, a jikin allon yumɓu da aka tono a Nineba, kusa da Mosul.

Inda ya riƙe ni shi ne jarrabawar da Utnapishtim ya yi wa Gilgamesh: ya ce masa ya gwada yin kwana shida da dare bakwai ba tare da ya runtsa ba. Yana zama barci ya kwashe shi. Sai matar Utnapishtim ta riƙa gasa gurasa guda kullum tana ajiyewa a gefen kansa. Da ya farka ya ce ai gyangyaɗi kawai ya yi, aka ce ya ƙirga. Ta farko ta bushe ƙamas, wata ta yi fumfuna, ta bakwai tana kan garwashi. Sarki guda, gurasa ta ƙaryata shi.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin a Uruk ɗin nan aka fara rubutu wajen shekara 3200 kafin Miladiyya, kuma lissafin sha'ir da tumaki aka fara rubutawa. Mutanen da suka koyi ajiye shaida ne suka tsara labarin. Tun daga lokacin, in na ji wata da'awa a tarihi, ko ta fito daga bakin babba, sai na nemi abin da aka ajiye a gefenta.

Daga baya Gilgamesh ya samo wani ganye mai mayar da tsoho yaro daga ƙarƙashin ruwa, shi ma maciji ya ɗauke yana cikin wanka. Ya koma Uruk hannu rabbana, ya ce wa matuƙin jirgin da ya rako shi ya hau ganuwa ya zagaya, ya duba ko ba da gasasshen tubali aka gina ta ba.