Sai na buɗe bayan agogo nake tayawa

Shagona ɗan ƙarami ne, a cikin birnin Katsina, ba nisa da Ƙofar Soro. Gyaran agogo na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, amma abin da ya fi riƙe ni yanzu shi ne saye da sayar da tsofaffin agogunan aljihu, masu wani, waɗanda ba ruwansu da batir.

Yawancinsu kayan gado ne. Tsoho ya rasu, a buɗe adakarsa, a tarar da agogo naɗe cikin hankici tare da carbi. Na fi samun West End na Suwizalan da Smiths na Ingila, jefi-jefi Omega. Tun da Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir a 1969, kasuwar masu wani ta yi ta ja da baya, shi ya sa kayan gyaransu ke wuyar samu. Sau da yawa sai na sayi matacce don in raya wani.

Mai kawo kaya murfi yake nuna mani, ni kuwa baya nake buɗewa. Murfi na yaudara: sau da yawa ruwan zinare ne a kan tagulla, ko da yake in na ga tambarin 800 ko 925 na san azurfa ce. A injin kuɗin yake. Zan sa madubi a ido in duba ƙananan duwatsun nan jajaye da ƙafafun injin ke juyawa a kansu, 15 ne ko 17, ko ma babu. Sai in ɗan girgiza shi in ga ko ƙafar da ke kai da komo za ta motsa, da siririn sifirin ɗinta mai kamar gashi. In na Amurka ne, Waltham ko Elgin, lambar jikin injin ke nuna shekarun da aka ƙera shi, ba ta murfin ba.

Cikin hunturun bara wani saurayi ya kawo mani na kakansa. Ya riga ya ɗiga masa man keken ɗinki, ya yi masa wani har ya ƙi juyawa. Man ya haɗu da ƙura ya zama caɓi, sifirin ya manne.

"Baba, nawa za ka saya?"

Na ce, "Yaro, da ka kawo shi yadda ka same shi, da kuɗin ya fi haka." Na taya, ya ce albarka. Ban ƙara ba, na dai gaya masa gaskiyar abin da zai kai in ya gyaru, don ba na son cin dukiyar magada da rashin saninsu. Ya yi shiru, sannan ya ce a gyara masa kawai, ya fasa sayarwa.

Kwana uku na yi a kansa, na warware shi ɗaya bayan ɗaya na wanke. Da ya dawo na kara masa a kunne. Ya daɗe tsaye yana saurare kafin ya tambayi kuɗin aiki.