Tazarar Shuka a Garkar Bayan Gida

Ranin bara na cunkusa dashen tumatir a garkarmu da ke wani ƙauye kusa da Ringim, ina zaton yawan dashe shi ne yawan amfani. Da ganye ya haɗe sai iska ta daina ratsawa, raɓa ta riƙa zama a jikinsa har hantsi, ganyen ƙasa ya yi ɗigo-ɗigon baƙi ya bushe, 'ya'yan kuma suka fito ƙanana.

Bana sai da na auna kafin na dasa. Tsakanin tumatir da ɗan'uwansa na bar santimita 50 zuwa 60, wato kamu guda da ɗan ɗoriya, albasa kuwa santimita 10 zuwa 15 ta ishe ta, shi ya sa na jera ta a gefen kunya, inda saiwarta marar zurfi ba za ta yi gasa da tumatir ba. Kuɓewa na mayar arewacin garka domin kada inuwarta ta rufe gajerun shuka.

Wake ne ya fi ba ni sha'awa. Idan ka tuge shi za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, kuma a cikinsu ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ke jawo sinadarin naitirojin, mai ciyar da shuka kamar taki, daga iska, abin da iyayenmu suka daɗe suna amfana da shi ta hanyar shuka wake tsakanin gero.

Tattasai, attaruhu da gauta dangin tumatir ne, cutarsu kusan ɗaya, don haka ban dasa su inda tumatir ya zauna bara ba.