Godiya Bayan Komawarmu Gida a Waliya

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa ranar Juma'ar da ta wuce ni da iyalina mun kwana a gidanmu na Waliya, unguwa a Injamena babban birnin Chadi, karo na farko tun daren da ruwa ya kore mu a watan Oktoban 2022. Ɗaki ɗaya ne ya tsaya, wanda aka gina da bulon siminti, sauran biyun na tubalin ƙasa kuwa sun narke sun koma inda aka ɗebo su. Amma mu bakwai muka fita, mu bakwai kuma muka dawo, wannan kaɗai ya isa a yi ta cewa alhamdu lillahi har harshe ya gaji. Jikina bai gama warwarewa ba, barci ma har yanzu guntu-guntu nake yin sa, sai dai na ga cewa idan na ƙara jinkiri godiyar da ke wuyana za ta zama bashi.

Ba zan maimaita labarin ba, domin kun san shi, wasunku ma da ƙafafunsu suka shiga ruwan. Duk wanda ya zauna a Injamena ya san cewa ruwan da ya ci mu ya zo ne bayan damina ta ɗauke, sararin sama fes, saboda kogin Shari yana ɗauko nasa tun daga Afirka ta Tsakiya, kogin Lagon kuma daga tuddan Adamawa, mu kuwa Waliya muna zaune ne a tsakaninsu daf da inda suke haɗuwa. Samarin unguwa sun kwana suna jera buhunan ƙasa har hannuwansu suka yi kanta, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ranar 19 ga watan, ruwa dai ya bi hanyarsa.

Abin da nake son in tsaya a kansa wani abu ne da ya faru da zuciyata, kuma ba zai fahimtu ba sai na koma baya kaɗan. Shekara 11 na yi ina taka keken ɗinki ina tara kuɗin gidan nan, fili da farko, sannan bulo ɗari-ɗari, sannan kwano. Bayan Babbar Sallah, cikin watan Yuli, muka tare, muka yi 'yar walima, kuma da yawanku kun zo kun ga yadda bakina ya kasa rufuwa. Wannan farin ciki ne na gaske, ba na musun sa. To amma yau ina shaida wa kaina cewa a yammacin ranar, baƙi ba su gama watsewa ba, idona ya riga ya koma kan bangon da ba a shafe ba da ƙofar ƙarfen maƙwabcina wadda ta fi tawa, na kwanta ina lissafin abin da ya rage maimakon abin da aka ba ni. Farin cikin ya yi kamar kwana uku, lissafin kuwa ya zauna.

Wata uku bayan haka na sami kaina a filin da aka tsugunar da mu ta wajen Tukura, da kan keken ɗinkina wanda na ɗauko a ka cikin ruwa iya ƙirji, da tabarma biyu, da yara biyar. Tukunya ko ɗaya ba mu fita da ita ba. A daren farko uwargida ta zauna ta haɗa kai da gwiwa, ƙaramarmu tana kukan yunwa, ni kuma na koma gefe don kada yara su ga fuskata. Sai wata tsohuwa da ke rumfar leda kusa da mu, wadda ban taɓa gani ba, ta taso da tukunyar da ta gama dama kunun gyaɗa a ciki, ta ajiye a gaban uwargida ta ce: “'Yata, ba yaran su sha, tukunyar kuma ki riƙe, ina da wata.” Da gari ya waye na ga abin da take kira wata tukunyar, ashe gwangwanin madara ne babba da ta ɗora a kan duwatsu uku.

Sunanta Iya Falmata, mai sayar da bandar kifi, kuma na san ba za ta so in ambace ta ba, amma ba zan iya yin shiru ba. Ɗakinta ɗaya a duniya ya rushe, kwandunan bandar da ta sara da duk jarinta sun tafi, awakinta uku ba a gan su ba. Bayan kamar mako guda, ina zaune na kasa cin abinci, ta zo ta tsuguna kusa da ni ta ce: “Ɗana, 'ya'ya nawa ka fito da su?” Na ce duka biyar, Iya. Ta ce: “Uwarsu fa?” Na ce ga ta can. Ta ce: “Hannunka da kake ɗinki da shi ya karye?” Na ce a'a. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: “To ka ci tuwonka tun da zafi, gobe ka nemo ƙafar keken nan, mutane sun fito da tsummoki, suna neman mai ɗinke musu.”

Kada wani ya ɗauka cewa tsohuwar nan farin ciki take yi. Rumfunanmu leda ɗaya ce ta raba su, kuma na sha jin ta cikin dare tana kuka a hankali tana kiran sunan ɗanta da ya rasu shekarun baya, wanda hotonsa guda ɗaya ya tafi da ruwan. Amma da asuba za ta yi alwala, ta auna garin da ke hannunta, ta raba shi daidai da kwanakin da take ganin zai kai, ta fitar da na marayun da ke bayanmu, kuma ban taɓa jin ta tambayi abin da aka ba rumfar gaba ba. A wurinta na gane bambancin da malamai suka daɗe suna faɗa mana muna gyaɗa kai kawai. Farin ciki baƙo ne, sai an yi masa dalili yake zuwa, ɗaurin aure ko suna ko sabon gida, kuma da hawaye ya shigo ɗaki sai ya tashi ya ba shi wuri. Wadatar zuci kuwa tana iya kwana ɗaki ɗaya da hawaye, ta tashi da safe ta hura wuta. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci, na haddace shi tun ina makarantar allo, amma sai a bakin murhun gwangwani na ga fassararsa.

Wani abu kuma da na lura da shi, saboda masu ganin ƙana'a zaman kashe wando ce: Iya ba ta zauna ba ko yini ɗaya. Ranar da aka tsallake sunanta wajen rubuta masu karɓar gidan sauro, ta je ta tsaya a rana har aka gyara, kuma kafin wata ya cika ta ranci kuɗi kaɗan ta koma sarin kifi a bakin kogi. Tana neman haƙƙinta, tana neman abincinta, abin da kawai ba ta yarda ba shi ne ta auna rayuwarta da mudun wani.

Bayan godiya ga Allah, ina gode wa Abakar mai kwale-kwale, wanda ya yi sawu biyu cikin duhu don ya kwaso mu, a daren da kuɗin haye ya ninka, ya kuma ƙi karɓar ko sefa 100 daga hannuna. Ina gode wa limamin masallacin unguwarmu da samarin da suka yi ta zagayawa da fitilar waya suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Ina gode wa abokan sana'ata teloli da suka yi karo-karo suka saya mini ƙafar keke da zare, da Hajiya Kaltuma ta Kusiri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi, wadda ta ƙetaro gadar Ngeli sau uku da barguna lokacin da sanyin hunturu ya sauka a kan yara, da ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a kan ƙaramarmu ranar da zazzaɓin cizon sauro ya sa ta sanƙarewa. Akwai waɗanda suka turo kuɗi daga Garwa da Maiduguri da Kano suka roƙe ni kada in faɗa. Na riƙe amanarku, Allah kuma Ya san ku ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma na jikina, waɗanda muka ci tuwon walima tare a watan Yuli, da har yau ban ji sallamarsu ba, alhali tsakaninmu gada ɗaya ce. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Na yi musu uzuri, wataƙila kowa da ruwan da ya ci shi, kuma ƙofata a buɗe take, ko da yake yaran sun tambaye ni kuma na rasa amsar da zan ba su.

Ya Allah, duk wanda ya miƙo mana hannu, ko da loma ɗaya ce, ko da kiran waya ne, Ka miƙa masa rahamarKa ranar da babu inuwa sai taKa. Ka raya musu zuriya, Ka buɗa musu ƙofofin arziki na halal, Ka tsare gidajensu daga ruwa da wuta. Ka jiƙan waɗanda suka rasu cikin wannan ambaliya a Chadi da Kamaru da Najeriya, Ka mayar wa waɗanda har yanzu suke cikin rumfuna da mafificin abin da suka rasa. Ka ba Iya Falmata lafiya da cikawa da imani, Ka haɗa ta da ɗanta a Aljanna, ni kuma Ka sanya mini ko da ƙwayar abin da Ka sanya a zuciyarta. Amin ya Rabbal alamina.

Masu kayan ɗinkin da ruwa ya lalata a hannuna, na fara aiki a zauren gida, ku zo mu yi lissafi, zan biya a hankali in Allah Ya yarda. Iya kuwa ta bar filin mako biyu kafin mu, an ce jikarta ce ta zo ta tafi da ita Kusiri, ban kuma sami yin sallama da ita ba saboda ranar ina asibiti da yarinya. Duk wanda ya san inda take a can, don Allah ya sanar da ni. Tukunyarta tana nan wurinmu, uwargida ta wanke ta ta ajiye, muna so mu kai mata da ƙafarmu.