Wata shida ina faɗa da ƙafafu, ashe ƙugu ne

Da na fara jiu-jitsu irin na Brazil, wata kokawa ce da galibi a ƙasa ake yin ta, abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutum na kwance a ƙasa ni ina samansa amma wai ni ne a cikin matsala. Gad kenan, ƙafafunsa sun tare hanya kuma sai ka wuce su kafin a ce ka yi wani abu.

Ni kuwa da ƙarfi nake shiga kamar rago, in cusa hannu ɗaya tsakanin cinyoyinsa in bar ɗayan a waje, kafin in ankara ya naɗe min wuya da kafaɗa, tirayangul, jijiyar wuya ta matse duhu ya fara rufe min ido sai tab tab, in bubbuga masa alamar na sallama. Wani siririn yaro da na girma ya yi min haka sau uku a zagaye ɗaya wallahi. Koci dai cewa ya yi, malam ko hannu biyu ciki ko biyu waje.

Sai na koma toreando, ka kama wandonsa wajen gwiwa ka watsar da ƙafafun gefe ka zagaya, daga wasan masu kauce wa bijimi sunan ya fito. Yana da kyan kallo kam. Amma ni ina zagayawa sai ya ɗan ja ƙugu baya, gwiwa ta sake shigowa, mun koma gidan jiya. A nan na gane ƙafafun ba su ne abokan gabana ba, muddin ƙugunsa na motsi kuma fuskarsa na kallona to gad zai dawo.

Yanzu yankan gwiwa na fi yi. Gwiwata ta bi ta kan cinyarsa, hannuna ya shige ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaya gefen, kaina ƙasa, nauyi a ƙirjinsa har kafaɗunsa biyu su kwanta. Ranar da na manta hannun hammatar nan kuwa bayana ya haye, a dokar IBJJF, hukumar shirya gasar wasan ta duniya, maki 4 kenan na ba shi kyauta ina neman 3 na wuce gad. Su ma ukun ba a ba ka sai ka danne shi sakan 3, ni da saurin murna sau nawa ina sakin mutum a na biyu.

Har yanzu idon sawuna na maƙalewa a rabin gad, wato ya riƙe ƙafata ɗaya tsakanin nasa biyu. Da fizga nake yi, yanzu sai in kwantar da nauyi in sa ɗaya ƙafar in ture gwiwarsa a hankali har ta zare.