Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bindigar Auna Zafi a Bakin Ruwan Yawuri

A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya fara barina in kwance inji ni kaɗai, bayan shekara shida ina wanke sifana da miƙa filogi a rumfarmu ta bakin ruwa a Yelwan Yawuri. Yau zan kawo labarin wata 'yar na'ura da ta fara kunyata ni kafin ta fitar da ni kunya.

A shekarar 2020, lokacin korona, babu ƙofar banki ko asibiti da mutum zai shiga ba a saita masa wata farar bindiga a goshi ba. Tun ranar da na fara ganinta zuciyata ta tafi ga injinan jirgin ruwa na Yamaha Enduro masu ƙarfin doki 40 da muke gyarawa, domin zafi ne ajalinsu. Na ari ɗaya na saita wa inji, sai ta ƙi nuna lamba, ashe ta jikin mutum ba ta wuce digiri 43. Daga baya wani ɗan kasuwa mai zuwa Onica ya sayo mini ta masu aikin ƙarfe, ruwan ɗorawa da baƙi, wadda ke aunawa har digiri 380.

Maigidana bai yi maraba da ita ba. Shi ma'auninsa tafin hannu ne: yakan ɗora shi a kan silinda ya ƙirga, in ya kai biyar bai janye ba, to inji lafiya lau. "Kai yaro," in ji shi, "tun kafin a haife ka hannun nan ke ciyar da gidana, ba batir ba." Na ce, "Haka ne, Baba," na mayar da ita aljihu.

Ba a yi wata guda ba wani mai jirgi da ke jigilar fasinja da buhunan hatsi zuwa kasuwar Malale ya kawo injinsa. Kukansa shi ne injin yana tashi garau, amma da an yi tafiyar rabin awa da lodi sai ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci ya mutu a tsakiyar tafkin Kainji, sai an jira ya huce. Fitsarin injin, wato siririn ruwan nan da ke tsartowa ta baya don a san famfo yana aiki, yana zuba, saboda haka Baba ya ɗora laifin a kan kabireta da gurɓataccen fetur. Ni kuwa na sami damar da nake nema. Muka tayar da injin a cikin durom ɗin ruwa da muke gwada inji, na cire murfi, na tsaya daga nesa kamar soja na saita jan ɗigon hasken da bindigar ke fitarwa a wani wuri da fenti ya goge yana ƙyalli, na ga digiri 38. Na bugi ƙirji na ce wa mutumin zafi ba ya cikin matsalarsa. Bayan kwana biyu aka jawo jirginsa da igiya, fasinjoji suna ta Allah wadai, shi kuma ya tsaya a gaban rumfa yana tambaya da ƙarfi ina yaron nan mai bindiga.

Daren nan ban runtsa ba. Na ɗauko takardar da ta zo cikin kwalin, wadda ban taɓa buɗewa ba, na sa ƙanena ɗan sakandare ya karanta mini. Kurakuraina biyu ne. Na farko, na'urar ba ta taɓa ƙarfe, tururin zafin da ke fita daga fatar abu take karantawa, kuma goran ruwa mai ƙyalli ba ya fitar da shi sosai, don haka takan nuna lamba ƙasa da gaskiya. Maganin abin shi ne a auna inda baƙin fenti yake, ko a manna baƙin salatif na masu wayarin a jira ya ɗauki zafin. Na biyu, jan ɗigon saiti ne kawai. Daga nisan santimita 12 tana auna da'ira mai faɗin santimita 1, kuma da zarar an ja da baya da'irar sai ta buɗe ta haɗa har da abin da ba a nufa ba. Akwai na uku da takarda ba ta faɗa ba, ni na gano shi: inji a cikin durom ba ya ɗauke da kaya, ba zai nuna halinsa ba.

Da safe na roƙi mai jirgin ya ba ni dama ta ƙarshe. Na manna salatif kusa da filogin sama da na ƙasa, muka loda buhuna muka shiga ruwa, Baba yana zaune a gefe bai ce uffan ba. Bayan minti 20 silindar ƙasa tana wajen digiri 55, ta sama kuwa ta haura 90 tana ci gaba da hawa. Silinda biyu a inji ɗaya, mai ɗaya suke sha, bai kamata su yi wannan nisa da juna ba. Ruwan sanyaya inji daga ƙasa yake hawa, idan ya yi ƙaranci ta sama ce ke fara jin ƙishi. Da muka sauke ƙafar injin muka buɗe famfo, sai ga robar nan mai fukafukai yashi ya cinye ta, fiffike biyu sun karye, gutsuren ɗaya ya maƙale a hanyar ruwa tare da taɓo. Ɗan abin da take turawa ya isa a ga fitsari, bai isa ya sanyaya inji mai lodi ba. Da an ƙara tafiya biyu ko uku a haka, da fistan ya kama, kuma kuɗin wannan gyara ya ninka na roba sau da yawa.

Tun daga ranar na sayi ɗan littafi ina rubuta zafin kowane inji da ya bar hannunmu lafiya, domin in ya dawo in sami abin kwatantawa. Da shi na koyi cewa silindar da ta fi 'yar'uwarta sanyi ma abin tuhuma ce, galibi filoginta ne ba ya ba da wuta.

Baba bai taɓa cewa na yi daidai ba, kuma har ya bar aiki bai daina ɗora hannunsa a kan inji ba. Sai dai wata Laraba, ina cikin wanke kabireta, na ji ya ɗaga murya daga bakin ruwa: "Kai yaro, kawo bindigar nan taka mu gani." A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka kira ni Warra gyaran wani jirgi mai inji biyu.