Abin da NEPU da PRP suka koya mana game da gina ƙarfin talaka a unguwa

Duk mai son kafa siyasar talakawa a yau, ba sai ya je nesa neman darasi ba. A ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar talakawan Arewa da Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, kuma waɗanda suka riƙe ta a ƙasa teloli ne, da 'yan koli, da mahauta, da malaman zaure, da manoma. Abin da ya jawo su a fili yake: haraji, jangali, aikin tilas, da kotun alƙali da ake ɗaure mutum don ya ɗaga murya. Darasin farko ke nan. Talaka ba ya shiga ƙungiya don an karanta masa ma'anar gurguzu, yana shiga ne don an taɓa abin da ke cin aljihunsa ko mutuncinsa.

Saboda haka reshen ƙungiya yakan fara ne da buƙata guda ɗaya wadda za a iya cin nasararta cikin 'yan watanni. Ga 'yan adaidaita sahu, rasit biyu ko uku da ake yanka musu a rana ɗaya. Ga manoma, takin gwamnati da ke ɓacewa kafin ya iso mazaɓa. A tara mutum 15 zuwa 30 masu sana'a ɗaya ko unguwa ɗaya, a tattara rasit ɗin na wata guda, a rubuta kwanan wata da adadin kuɗi da sunan ofishin da ya karɓa, sannan wakilai biyar su kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma su dawo da kwafi mai hatimi. In reshe ya wuce mutum 30 a raba shi biyu, domin a babban taro masu baki uku ne ke magana, sauran su yi ta gyaɗa kai har su daina zuwa.

Batun kuɗi ne ya fi kashe rassa, kuma a nan ya kamata a fi tsanantawa. Kowa ya biya kuɗin wata, ko da kaɗan ne, abin da ɗan dako zai iya fitarwa ba tare da gidansa ya kwana da yunwa ba. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban, fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, kuma a karanta lissafi da baki a kowane zama don wanda bai iya karatu ba ya ji. A ware wani kaso na beli da lauya tun kafin a kama kowa. Ranar da wani alhaji ya ɗauki nauyin hayar ofis da shinkafar taro, daga ranar shi ke da reshen, ko da bai taɓa halartar zama ba. Mambobi su ma suna ganewa, sai su koma jiran rabo.

Mata kuwa, kuskure ne a bar su sai lokacin zaɓe. Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri da duka tana tara mata a lokacin da matan Arewa ba su da ƙuri'a ma. Zamansu yana tafiya ne in an yi shi a cikin gida, a lokacin da ba ya cin karo da girki, kuma ma'ajinsu ta fito daga cikinsu. Masu adashi sun riga kowa sanin wa ke da amana.

Sai zaɓe. A 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, na da damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai jam'iyyar ta tashi ba kujera ko ɗaya. Yawan magoya baya bai isa ba in ba a san inda ake yanke hukunci ba. A yau wurin shi ne rumfar zaɓe da cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa. Kowace rumfa na buƙatar wakili ɗan unguwar, wanda ya ci abinci daga asusun reshe, zai tsaya har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin takardar sakamakon rumfar, wato EC8A, ya bi ta har mazaɓa. Jihar Kano na da mazaɓu 484. Ƙungiyar da ba ta iya cika rumfunan mazaɓa ɗaya da wakilai ba, ba ta da dalilin buga fostar gwamna.

Abin da ya faru a Kaduna ya isa hujja. A 1979 PRP, jam'iyyar da ta gaji NEPU, ta ci gwamna a Kano da Kaduna, kuma Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da aka shafe kusan shekara 30 ana nema. Amma a Kaduna NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, ita ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, a watan Yuni 1981 ta tsige shi. Ƙananan kujerun nan da ake rainawa, kansila da ɗan majalisar jiha, su ne ke riƙe babbar.

Mafi ɗaci shi ne rabuwar PRP gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, ɓangaren gwamnoni da ɓangaren Malam Aminu Kano. Saɓanin kan alaƙa da gwamnatin NPN ta tarayya da kuma haɗa kai da sauran gwamnonin adawa na gaske ne, amma jam'iyyar ba ta da hanyar warware shi da kowa ya yarda da ita, sai kora da zagi a dandali. Shi ya sa tun ranar kafa reshe ake rubuta yadda za a zaɓi shugabanni da tsawon wa'adinsu, da wa ke da ikon ƙulla ƙawance da wata jam'iyya, da kuma sharaɗin cewa duk wanda aka tsayar ya ci zaɓe zai dawo gaban mambobi duk wata uku ya faɗi abin da ya karɓa da abin da ya kaɗa wa ƙuri'a. A sa ya rattaba hannu a kan wannan kafin a saya masa fom.