Bushiyar teku da tambayar da wata daliba ta yi mani

Jiya a aji wata yarinya ta daga hannu tace, Malam, tunda kace kwayoyin halittar jikin mutum duk DNA dinsu iri daya ne, to mi ya hana ido ya zama kashi? Wallahi tambayar nan ta bi ni har gida, ina bisa mashin tun daga Kofar Kaura ita nake ta juyawa a rai, dan amsar da tafi gamsar dani ba a jikin mutum aka gano ta ba, a jikin wata 'yar dabbar ruwan gishiri ce mai kayoyi ta ko ina, mu ce mata bushiyar teku.

Masana sun dade suna son ta saboda kwai da yawa take zubarwa, a cikin ruwa yake haduwa da maniyyi, kuma garai-garai yake, kana kallo a madubin bincike yana rabuwa biyu, hudu, takwas. A 1891 wani Bajamushe, Hans Driesch, ya girgiza kwan yana matakin kwaya biyu har suka rabu, sai ko wace ta tashi cikakkiyar 'yar tsutsa, karama dai amma ba abinda ya rage. Kenan ko wace kwaya tana rike da littafin DNA gaba daya, shafin da take karantawa ne ya bambanta.

To wa ke bude mata shafin? Nan ne abin ke tsuma ni. Idan kwayoyin suka kai 16, takwas na sama, hudu manya, sai hudu 'yan mitsi-mitsi can kasa, kuma daga wadannan kananan ne kwarangwal din tsutsar ke fitowa. Uwa ce ta fara shirya abin tun cikin kwai, ta ajiye kaya a bangaren kasa yadda wani furotin mai suna beta-catenin zai shiga cibiyar kwayoyin da ke can kasan, shi kuma ya tada wata kwayar gado, wato wani shafi a littafin DNA, mai suna Pmar1. Da farko na dauka Pmar1 zai ce ne ku yi kashi. Ashe ba haka bane. Akwai wata, HesC, da ke aiki a sauran jikin dan tayin tana danne kwayoyin gadon yin kashi irin su alx1 da ets1, shi Pmar1 aikinsa kawai ya rufe bakin HesC a cikin kananan nan hudu, shikenan sai masu yin kashi su samu sarari su tashi. Duk wanda ya taba ban ruwa a fadamar Ajiwa zai gane, ruwan yana nan a hanya, ko wane fangali an toshe bakinsa da laka, wanda aka cire ma toshiya shi kadai ke sha.

Dakin binciken Eric Davidson na jami'ar Caltech a Amurka ne suka bi wannan sarka daya bayan daya, su kashe kwayar gado guda su ga wace ta mutu wace ta farka, har a 2002 suka fitar da taswira kamar ta wayoyin lantarki. A 2006 aka karanta DNA din dabbar duka, kwayoyin gado wajen 23,000.

Kuma kananan kwayoyin nan hudu ba kansu kadai suka sani ba, suna aika ma makwabta sako. Sven Hörstadius dan Suwidin ya dauke su ya dasa a saman wani dan tayin, sai ga hanji na biyu ya fara lotsawa a wajen, inda fata ya kamata ta fito.

Ranar Litinin in sha Allah da fangali zan fara mata a allo, in zana guda 16, in toshe 12.